Ƙullu Tsakanin Ƙarfe Biyu

Ranar Lahadi da safe, gidaje da yawa a Amurka da ƙamshin waful suke tashi. Uwa ko uba ya kwaɓa fulawa da ƙwai da madara da man shanu, ya kamfaci ƙullun da ludayi ya zuba a wata na'urar lantarki mai murfi, ya rufe. Bayan minti huɗu ko biyar a buɗe, sai ga faffaɗar waina mai ramuka jere reras, bayanta ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta kuwa laushi. Yara su bi ramukan ɗaya bayan ɗaya suna cika su da ruwan zaƙi. Ba'amurke ya ɗauki wannan karin kumallo ne na gado, mai zurfin ramuka a cikinsu ma da sunan ƙasar Beljiyam yake kiransa. Amma wanda ya je Beljiyam ɗin ya nemi waful da farar safiya, nan take za a gane baƙo ne. A can abin taɓawa ne na la'asar, ko na kan titi, a naɗe a takarda, ana tafiya ana ci.

Haka yake a Turai tun asali. Ɗaruruwan shekaru ya yi yana abincin biki da kasuwa, masu sana'a su yi, jama'a su saya. Kafin ya shigo kicin ɗin gida ya samu wurin zama da safe, sai da sukari ya yi araha, ƙarfen gasa shi ya daina wahalar da hannu, ƙullunsa ya daina buƙatar kwana, sannan aka samu sauyi a kan wanda ke tsayuwa gaban wuta. Kowanne da labarinsa, kuma ba duka ne masu daɗin ji ba.

Maƙera ne farkon labarin, coci kuma ita ta fara ba su aikin. Tun wajen ƙarni na 9 da na 10, gidajen ibadar Kirista a yammacin Turai suna da ƙarfen da ake gasa gurasar Jibin Ubangiji da shi. Babban awartaki ne mai faifai biyu a baki da dogayen hannuwa. A cikin faifan an sassaƙa gicciye ko wata surar addini. A ɗiga kwaɓin fulawa da ruwa, ba yisti ba mai, a matse, a miƙa cikin wuta, gurasa ta fito siririya ɗauke da hoton. Ba a daɗe ba aka fara ƙera irinsa don abin duniya, faifan suka ƙara faɗi, aka maye hoton addini da tambarin gidan sarauta ko furanni. Faransawa suka kira wannan siririyar gurasa oublie. Da tafiya ta yi tafiya aka riƙa sa mata zuma da kayan ƙamshi, a naɗe ta tun da zafinta.

A 1270 masu wannan sana'a a birnin Faris suka samu ƙungiyarsu da dokokinta a rubuce. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne ba a kiran mutum gwani sai ya iya gasa guda dubu a yini. Ka auna yawan buɗewa da rufewa da juyawar da ke cikin guda dubu, da ƙarfe mai nauyi, a gaban garwashi. Da magariba yaransu su ɗauki akwati su bi lunguna suna talla, a kira su cikin gida bayan cin abincin dare. Sukan tafi da 'ya'yan caca a aljihu, mai saye ya zaɓa: ko ya biya, ko a jefa, in ya ci ya ɗauka kyauta. Ranakun bukukuwan addini kuwa ƙofar coci suke kafa murhu. Cinikin ya yi armashi har rigima ta yi yawa tsakaninsu a kan wurin zama, sai da Sarki Charles na 9 ya kafa doka a 1560 cewa kowane mai gashi ya nisanci ɗan'uwansa da kimanin mita huɗu. Kakansa François na 1 kuwa, saboda son abin, ƙarafan gashi na azurfa aka zuba masa.

Bayani mafi tsufa da aka samu a rubuce kan yadda ake haɗa waful ya fito ne daga wani littafi mai suna Le Ménagier de Paris, wanda aka rubuta wajen 1393. Wani dattijo ne mai hali, da bai sa sunansa ba, ya rubuta wa amaryarsa 'yar shekara goma sha biyar yadda ake riƙon gida, tun daga sha'anin barori da dawaki har girki. Hanya huɗu ya kawo. Ta farko ƙwai ne da gishiri da ruwan inabi da fulawa. A wata kuma cuku ake sawa a tsakiyar kwaɓin, a rufe shi ruf don kada ya taɓa ƙarfen. Ya kuma ja kunnenta cewa in kwaɓi yana kamawa, a shafe ƙarfen da tsumma mai mai. Babu sukari a ciki, babu abin da zai sa ya kumbura. Abin da ya fito daga wannan ƙarfe ya fi kusa da busasshiyar gurasa.

Ramukan da muka san waful da su a yau sun bayyana ne a ƙarni na 15, suka zauna sosai a ƙasashen da yanzu suke Beljiyam da Holan. A ganina nan ne aka yi ƙirƙirar gaske, duk abin da ya biyo baya gyaran fuska ne. Faifai mai santsi sama da ƙasa kaɗai yake gasawa, shi ya sa dole kwaɓi ya zama siriri, in ya yi kauri waje ya ƙone ciki ɗanye. Da maƙeri ya fitar wa faifan haƙora jere, sai haƙoran suka riƙa nutsawa cikin ƙullun suna kai zafi har tsakiya. Ƙullu mai kauri ya samu damar nuna cikin 'yan mintuna, wurin da ƙarfe ke taɓawa ya ninka, ƙaras-ƙaras ɗin ma ya ninka. Ramukan da ke riƙe man shanu da zuma riba ce da ta zo a bayan wannan.

Mai son ganin yadda abin yake a wancan zamani ya dubi zanen da Pieter Bruegel Babba ya yi a 1559, wanda ke rataye a gidan tarihin zane na birnin Vienna. Dandalin gari ne ya zana, gefe guda masu shagalin ci da sha, ɗaya gefen masu shirin azumin Kirista na kwana arba'in kafin Ista. A ɓangaren masu shagali ga wata tsohuwa a tsugune gaban wutar itace, kwanon ƙullu a gefenta, ta miƙa dogon ƙarfenta cikin harshen wuta. Can ƙasa ga wani ya ɗaure waful uku a kansa, yana caca da wani mai baƙin rufin fuska, abin da aka kasa kuwa waful ne. Bruegel ya zana su filla-filla har ana iya ƙirga ramukan. Dalilin haɗuwar waful da wannan biki a fili yake. Cocin wancan lokaci ta hana cin ƙwai da man shanu da madara da kitse a kwanakin azumi, don haka kafin ya kama sai a ƙarar da abin da ke gida, kuma babu abin da ke lashe su lokaci guda kamar wannan ƙullu. Na masu hali ke nan. Talaka nasa garin hatsi ne mai tsakuwa-tsakuwa da ruwa da gishiri, in an yi fari ma shi ke tsaya masa a madadin burodi.

A wannan ƙarni na 16 ne wani littafin girki na birnin Antwerp ya kawo waful da aka sa wa yisti, kuma daga wajen masu dafa giya ake samo yistin. Antwerp ɗin kuwa ita ce babbar kasuwar sukari ta Turai a lokacin. Jiragen Fotugal ke kawo shi daga Madeira da Brazil da tsibirin São Tomé, nan kusa da mu a mashigin tekun Guinea, inda bayi 'yan Afirka ke noman rake. Duk da haka sukari sai wane da wane. Bai sauko inda matsakaicin mutum zai kai hannu ba sai da gonakin rake na tsibiran Karibiyan suka bunƙasa a ƙarni na 17 da na 18, kuma kowa ya san gumin wa da jinin wa ya sa farashin ya sauko.

Sauran saukowar yaƙi ne ya jawo ta. A 1747 wani masanin sinadarai a Berlin, Andreas Marggraf, ya gano cewa akwai sukari irin na rake sak a cikin wani tsiro mai ƙatuwar farar saiwa da ake kira bit, wanda ke jure sanyin Turai. Ɗalibinsa Franz Achard ya kafa masana'antar farko a yankin Silesia a farkon ƙarni na 19. Da yaƙin Napoleon da Ingila ya toshe hanyar teku, sukarin rake ya yi wuyar samu, sai Napoleon ya ba da umarni a 1811 a shuka bit a faɗin daularsa. Beljiyam ta zama ƙasar noman bit, matatar sukari ta garin Tienen da aka kafa a 1836 tana aiki har gobe. Daga irin waɗannan matatu ake samun wani sukari mai ƙwaya-ƙwaya fari, mai taurin da zafi ba ya narkar da shi da sauri. Shi ne sirrin waful ɗin birnin Liège: kwaɓi ne mai nauyi irin na burodin man shanu, a cusa masa ƙwayoyin sukarin, na waje su narke su ƙone kaɗan a jikin ƙarfe, na ciki su tsaya suna ƙaras a haƙori. Mutanen Liège suna ba da labarin cewa kukun wani basaraken limaminsu ne ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 18. Labari ne mai daɗi, sai dai babu takardar da ta goya masa baya, bayanin haɗinsa na farko ma sai a ƙarni na 20 aka buga.

Na Burasel, babban birnin Beljiyam, dabam ne: dogo mai kusurwa huɗu, ramuka masu zurfi, ba nauyi, an haɗa shi da yisti da kumfar farin ƙwai, a barbaɗa masa garin sukari kawai. Abin dariya, mutanen birnin Ghent ne suka fi hannu a cikinsa. Wani Maximilien Consael ya sayar da shi a kasuwar baje-kolin Burasel a 1856, Philippe Cauderlier kuma ya buga yadda ake yin sa a 1874. A garin Gouda na Holan kuwa masu gidajen burodi ne suka riƙa tara ɓarɓashin da ya rage, su kwaɓa su gasa siriri, su tsaga biyu su shafa ruwan sukari a tsakiya, talakawa su saya. Shi ne stroopwafel da ake ɗorawa a bakin kofin shayi don tururi ya tausasa shi. Ka lura, duk cikin ukun nan babu na karin kumallo, babu kuma wanda uwar gida ke tashi ta yi kullum.

Mutanen Holan ne suka ƙetara da ƙarafansu zuwa Amurka, lokacin da suka kafa garin New Amsterdam a shekarun 1620, wanda Ingilishi suka ƙwace a 1664 suka mai da shi New York. Ko a can ma da farko abin taro ne. A 1744 wani saurayi mai suna William Livingston, wanda daga baya ya zama gwamnan New Jersey, ya rubuta wasiƙa yana ba da labarin wata liyafar waful da ya halarta, ta dare ce, da karta da hira da 'yan mata. Ana yawan cewa Thomas Jefferson ne ya kai wa Amurkawa waful. Gaskiyar ita ce ya dawo daga aikin jakadanci a Faransa a 1789, a cikin kayansa akwai ƙarafan waful da ya saya a Amsterdam, amma ya tarar ana ci tun kafin a haife shi. Kuma ba shi ke shiga kicin ba. Girkin gidansa a hannun bayi yake, babbansu James Hemings, wanda Jefferson ya tafi da shi Faris ya koyo girkin Faransawa, bai 'yanta shi ba sai a 1796.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin a gidajen masu gonaki na jihohin kudancin ƙasar waful ya zama abincin safe a kai a kai. Dalilin kuwa suna da waɗanda za su yi musu. Ƙarfen nan guda ɗaya yake fitarwa a kowane zubi, kuma waful in ya huce ya tashi daga aiki. In mutum goma ne a tebur, dole wata ta durƙusa gaban murhu tun daga farkon cin abinci har ƙarshensa, tana jawo garwashi, tana shafa kitse, tana zubawa, tana juya ƙarfe mai nauyi da hannu biyu, hayaƙi a ido, tsoron kada wuta ta kama mata zane. Kicin ɗin irin waɗannan gidaje a waje yake, nesa da ɗakin cin abinci, sai a sa yaro bawa yana gudu da faranti tsakani. A yankin Carolina, inda arzikin ya dogara kan shinkafa, wadda bayin da aka kwaso daga gaɓar Senegal da Gambiya da Saliyo suka zo da ilimin nomanta, har da shinkafa ake yin waful. Littafin girkin da Sarah Rutledge ta Charleston ta buga a 1847 ya kawo irinsa. Da ita ake danganta littafin, hannuwan da suka ƙware a aikin kuwa ba a rubuta sunan masu su ba.

Duk wanda ya taɓa tsayuwa wajen mai waina da safe ya san irin wannan aiki: ƙullun shinkafa da ya kwana ya tashi, a ɗiga masa ruwan kanwa don kashe tsami, tanda a kan wuta, mai a kowane gurbi, masu saye a tsaye da kwanoni suna jiran a juya. Bambancin kawai, a tanda wainar ake juyawa ɗaya ɗaya, a waful kuwa ƙarfen ake kifawa gaba ɗaya. Abin da ya sa yawancinmu muke aika yaro ya sayo waina maimakon a yi a gida kullum, shi ne ya sa Bature ma ya daɗe yana saye ko yana sa a yi masa.

Sauƙin ya fara zuwa ne daga murhu. A tsakiyar ƙarni na 19 gidajen Amurka suka bar girki a buɗaɗɗiyar wuta suka koma murhun ƙarfe mai rufi, mai ramuka a sama inda tukunya ke zama. Garin Troy a jihar New York yana cikin manyan wuraren zubin irin wannan murhu, don haka ba abin mamaki ba ne da wani mutumin garin, Cornelius Swartwout, ya samu takardar mallakar fasaha ranar 24 ga Agusta, 1869, a kan sabon ƙarfen waful. Nasa yana zaune ne a kan wani zobe da ake ɗorawa a ramin murhu, da mariƙi da maƙulli, a juya shi a inda yake ba sai an ɗaga ba. Nauyi ya bar hannu, ƙuna ta ragu, yarinya ma za ta iya. Kamfanoni irin su Griswold na Pennsylvania da Wagner na Ohio suka yi ta zuba irinsa suna sayarwa da araha. Ranar da Swartwout ya karɓi takardar nan ita Amurkawa ke kira ranar waful duk shekara.

Saura ƙullu. Yisti yana son a kwaɓa tun da dare. In ba shi ba, sai a zauna a yi ta kaɗa farin ƙwai da hannu har kafaɗa ta gaji. Matan Amurka sun daɗe suna neman gajeriyar hanya, littafin Amelia Simmons na 1796 ya riga ya kawo amfani da wani gishiri da ake tacewa daga tokar itace, wanda in ya haɗu da madara mai tsami yake kumbura kwaɓi, sai dai in ya yi yawa abinci ya yi ɗanɗanon sabulu. A 1843 wani mai haɗa magani a Birmingham ta Ingila, Alfred Bird, ya haɗa bakin foda na farko saboda matarsa yisti ba ya karɓar ta. A 1856 Eben Horsford, malamin sinadarai a jami'ar Harvard, ya fito da nasa, wanda sinadarin tsaminsa daga ƙashin shanu ake samo shi. Dabarar ɗaya ce: a haɗa gari mai kanwa-kanwa da gari mai tsami, a sa sitaci ya raba su, su yi lamo a gwangwani har sai ruwa ya taɓa su, sannan su saki iskar da ke hura ƙullu. Aikin dare guda ya koma na minti biyar. Sannan a 1896 Fannie Farmer ta makarantar koyon girki ta Boston ta buga littafinta, ta dage kan awo da kofi da cokali a shafe, ba tozo. Amaryar da ba ta taɓa ganin an yi ba ta iya buɗe littafi ta yi, ya kuma fito.

Lantarki ya ƙarasa aikin. Kamfanin General Electric ya gwada na'urar farko a 1911, zuwa 1918 irinta ta shiga kasuwa. Ta zo a kan gaɓa, domin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya 'yan aikin gida sun yi ta barin gidajen masu matsakaicin hali suna komawa masana'antu da ofisoshi, matar gida ta koma yin girkinta da kanta. Masu ƙera na'urar suka gane haka, suka yi mata ado, suka goge ta tana ƙyalli, don a ɗora ta a kan teburin cin abinci, mai gashi ta zauna cikin iyalinta tana yi ana ci. Ta zama kyautar biki da kusan kowace amarya ke samu. Amma a birni ke nan. A 1925 kimanin rabin gidajen ƙasar ne ke da wuta, gidajen gona kuwa har tsakiyar shekarun 1930 kusan ɗaya cikin goma ne, sai da gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935 abin ya fara sauyawa. Shafen da ke hana abinci kamawa, Teflon, wanda Roy Plunkett ya ci karo da shi a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin DuPont a 1938, daga baya ya iso kan faifan.

Haɗin da ya zauna a gidaje tun daga nan bai sauya sosai ba: fulawa kofi 2, ƙwai 2, madara kusan kofi 2, narkakken man shanu ko man gyaɗa rabin kofi, bakin foda babban cokali 1, sukari cokali 1 ko 2, gishiri kaɗan. Man yana da yawa da gangan, shi ke sa bayan ya soyu a jikin ƙarfe ya kuma saki. Busassun kaya a kwano guda, masu ruwa a wani, a haɗe a juya sama-sama. Gudajin da suka rage a ƙyale su, domin yawan bugu yana tayar da danƙon alkama, waful ya fito da tauri yana jan haƙori. Mai son ya yi sakayau sai ya ware farin ƙwan, ya buga shi da maburgi har ya tsaya, ya shigar da shi a hankali daga ƙarshe.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne gashin. Ƙarfen sai ya yi zafin da in an yarfa masa ruwa zai yi tsalle. Da an rufe, tururi zai yi ta fita ta gefe, kuma shi ne agogon mai gashi. Muddin yana fita da ƙarfi, fuskar ƙullun da sauran ruwa, ruwa kuwa ba ya barin zafi ya wuce digiri 100. Jan nan mai ƙamshi, wanda wani masani Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana yadda yake faruwa a 1912, ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140, inda sukari da furotin ke haɗuwa. Mai gajen haƙuri da ya ɗaga murfi da wuri zai ga waful ɗinsa ya rabe biyu, rabi a sama rabi a ƙasa, ya koma kankara da cokali. In ya fito, ba a jibga wani kan wani, tururin na ƙasa zai jiƙa na sama, sai dai a jera a kan ragar ƙarfe. Ni dai har yanzu na fi ganin girman na yisti da ya kwana. Yana da wani ɗan tsami da zurfin ɗanɗano da bakin foda ba ya bayarwa, kuma in ka duba da kyau shi ya fi sauƙi da safe, tunda an gama aikin tun jiya. Ruwan zaƙin da ake zubawa kuma, na ainihi daga bishiyar mapul ake tatsa, ilimin da Turawa suka koya wajen 'yan asalin ƙasar. Ana dafa lita kusan 40 kafin a samu lita guda, mafi yawansa daga Quebec ta Kanada. Tsadarsa ta sa abin da ke cikin kwalaben da yawa ruwan sukarin masara ne da aka yi wa kala da ƙamshi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ma kwaɓin aka ɗauke wa mutane. Wasu 'yan'uwa uku a San Jose ta California, Frank da Anthony da Sam Dorsa, waɗanda suka fara da sana'ar mayonis, suka koma sayar da garin waful haɗaɗɗe. Frank ya harhaɗa wani inji mai zagayawa da ke gasa dubbai, a 1953 suka fara daskarar da su a kai kantuna, a gida sai dai a jefa a na'urar gasa burodi. Shi ne Eggo, wanda kamfanin Kellogg ya saye daga baya. Ba ya kama ƙafar na gida, amma ya mai da abincin Lahadi na kowace safiyar makaranta. A unguwar Harlem ta New York kuwa wani gidan abinci mai suna Wells, da aka buɗe a 1938, ya yi suna wajen haɗa waful da soyayyiyar kaza, mawaƙan da ke tashi daga wasa tsakar dare su samu abin da ya haɗa musu abincin dare da na safe.

Sunan Beljiyam a makare ya iso. Wani Walter Cleyman ya sayar da na Burasel a baje-kolin duniya na Seattle a 1962, amma wanda ya ci kasuwar shi ne Maurice Vermersch da iyalinsa a baje-kolin New York na 1964. Ya lura Amurkawa da yawa ba su san inda Burasel take ba, sai ya laƙaba masa sunan ƙasar, ya ɗora masa kirim da sitiroberi, dala ɗaya guda. Gidajen abinci suka kwaikwayi zurfin ramukan, suka watsar da yistin suka sa bakin foda. Abin da Amurka ke kira na Beljiyam yau, ɗan Beljiyam ba zai amsa shi ba. A kudu kuma Joe Rogers da Tom Forkner sun buɗe gidan abincin Waffle House na farko a 1955 a Avondale Estates ta jihar Georgia. Rassansa ba sa rufewa dare da rana, har Craig Fugate, wanda ya shugabanci hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, ya mai da su ma'aunin ɓarnar guguwa: in reshe na sayar da komai, da sauƙi, in ya rage kala, wuta ko kaya sun yanke, in a rufe yake, a tura agaji nan.

Yadda na'urar ta zama kayan kowane gida ya sa har ta shiga inda ba a zata ba. Bill Bowerman, kocin 'yan tsere a jami'ar Oregon kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin takalma na Nike, yana neman tafin takalmi mara ƙusa da zai kama sabon filin gudu na roba. Wata safiya a 1971 suna karyawa da matarsa, ya dubi abin da ke fitowa daga na'urarta, ya ga in aka kifa zanen, ramuka za su zama 'yan haƙora. Ya ɗauke na'urar, wadda kyautar aurensu ce ta 1936, ya tafi da ita ɗakin aikinsa ya zuba mata narkakkiyar roba. Gargaɗin da dattijon Faris ya yi wa amaryarsa bai iso kunnensa ba, bai shafa komai ba, na'ura ta manne ta ƙi buɗuwa. Ya ci gaba da gwaji da wasu, a 1974 takalmin Waffle Trainer ya fito ya ɗaga kamfanin. Ɗaya daga cikin takalman gwajin da aka ɗinka da hannu a 1972 an yi gwanjonsa a 2019 kan dala 437,500. Ita kuwa na'urar matar, ramin shara na bayan gida aka jefa ta. A 2010 iyalin suka tono ta duk ta yi tsatsa, Nike ta karɓa ta ajiye a hedikwatarta da ke Beaverton, ta biya da tallafin kayan wasa ga 'yan tseren wata makarantar sakandare ta karkara.